Gaisuwa a ƙofa, shiru a bakin tebur: jagora ga masu sabis a gidajen abinci na Yamai

Na daɗe cikin aikin resto a Yamai, da wankin kwanoni na fara lokacin da na zo daga Tawa, na ɗauki tire shekaru, yanzu ni ke koya ma sabbin yara aiki. Kuma kusan kowane sabon yaro cikin satinshi na farko sai ya jawo ni gefe ya ce "Yaya, wai in riƙa hira da kiliya ne ko in yi shiru?" don wani patron ya ce mashi ka saki fuska ka jawo mutane da baki, wani kuma ya ce kar in ji muryarka, yaro ya rasa ta wa zai kama. Amsar da nike ba su ita ce zan shimfiɗa nan, tun daga shigowar mutum har fitarshi. A taƙaice dai gaisuwa a cika ta, bayanin abinci a faɗe shi kan gaskiya, da loma ta kai baki a ja da baya. Hira kuwa kayan kiliya ce, shi ke buɗe ta in ya ga dama, kai amsawa ce taka.

Mataki na 1: ƙofa

Nan ne ba a rowar baki. Mutum ya shigo cikin ranar watan Afrilu ko Mayu, zafi ya wuce digiri 40, ya sauko daga moto gumi har cikin ido, in ya yi sallama ya ji shiru ko ya ga kanka sunkuye cikin TikTok to wallahi an gama ɓata mashi abincin tun kafin a zuba. Ka miƙe tsaye, ka amsa sallamar cikakkiya, ka ce sannu da zuwa, ina wuni, ya zafi, bismillah ga wuri. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, wanga karin magana kamar don mu anka yi shi. Ko hannunka da tire ne kana hanyar wani tebur, haɗa ido da shi ka ce "sannunku, gani nan zuwa", wannan kaɗai shina sa mutum ya yi haƙurin minti 5 ba tare da ranshi ya ɓaci ba.

Wane harshe? Yamai garin kowa ne. Eh an ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, amma wanda ya shigo maka daga Gamkalle ko Harobanda ya ce fofo, kar ka nuna ba ka ji ba, koyi ko kalma uku ta Zabarmanci, fofo, kubayni, mate ni go, za ka ga yadda fuskar mutum ke sakewa. Wanda ya fara da faransanci bi shi da faransanci in kana iyawa, in ba ka iya ba ka ce ba ka iya ba ka kira wanda ya iya. Ka bi harshen da kiliya ya shigo da shi, shi ke nan.

Sai kira. Dattijo Baba ko Alhaji, dattijuwa Inna ko Hajiya, matsakaici Malam, Malama, Madam, Tanti, kuma da "ku" ake magana da babba, "mi za a kawo maku", ba "mi kake so" ba. Kar ka kira ɗiyar mutane sheri ko ƴar kyakkyawa ko da sa'arka ce. Kar kuma ka yi saurin liƙa ma mace "amarya" don ka gan ta da namiji, ba ka san ko ƙanwarshi ce ko abokiyar aikinshi ba.

Mataki na 2: karanta teburin kafin ka buɗe baki

Wanga shi ne aikin gaske, kuma ba a koyar da shi da baki sosai, ido ke koyonshi. Dabarar da nike ba yara ita ce ruwa. Da sun zamna ka kawo buta da sabulu da ruwan sha mai sanyi, wannan rabin mintin da kake zuba masu ruwa suna wanke hannu ya ishe ka gane irin mutanen da ke gabanka. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Ma'aikaci ya fito daga biro a Filato lokacin azahar, shina duban agogo, waya a kunne, wanga ba ya son komai daga gare ka sai sauri, jimla biyu ta ishe shi. Mutum biyu sun baje takardu ko sun matso da kai suna magana ƙasa-ƙasa, ciniki ne ko sulhu ko maganar gida, kai dai iska ne a wurin, ka ajiye ka wuce. Saurayi da budurwa, ita tana jin kunyar ci a gabanshi ma balle a gabanka, kar ka tsaya masu a kai. Iyali da yara ranar Lahadi, nan kana iya ɗan wasa da yaran, ka tambayi ƙaramin bisap yake so ko lemu hari, iyaye na jin daɗin haka. Ƴan jami'a su shida sun haɗa kuɗɗi sun zo kallon ƙwallo, su da kansu za su ja ka da surutu. Sai wanda ya zo shi kaɗai ya zamna can kusurwa, wanga kashi biyu ne, wani kaɗaici ya kawo shi shina son wanda zai ce ma uffan, wani kuma hayaniyar gida ko ta kasuwa ya gudo ma. Yadda za ka gane, yi mashi tambaya guda mai sauƙi, "ya aiki Malam?" In ya ce alhamdulillahi ya maida ido ga waya to ka samu amsarka. In ya ɗaga kai ya ƙara da nashi, to ƙofa ta buɗe kaɗan.

Mataki na 3: ɗaukar komand, nan ne bakinka ke da amfani

Abin mamaki yara da yawa sun juya abin, wajen ɗaukar komand sai su yi gum kamar an ɗinke masu baki, "mi za ku ci?" kawai, amma lokacin da mutum ke ci sai su zo da labari. Alhali duk maganar da kiliya ke buƙata daga gare ka nan take.

Faɗi abin da ya ƙare tun kafin ya zaɓa. Babu abin da ke ƙona rai kamar mutum ya zaɓi kaza, ya jira minti 15, ka dawo ka ce ta ƙare, ya zaɓi kifi, ka sake dawowa. Kafin a buɗe ƙofa ka shiga kicin ka tambayi mai girki mi ke akwai yau, mi ya kusa ƙarewa. Faɗi lokaci kan gaskiya, shinkafa da miya ko dambu da kopto a shirye suke, amma gasasshen kapitan ko kaza kan gawayi sai an ba su kamar rabin awa, ka ce rabin awa, kar ka ce "yanzu-yanzu" don ka riƙe mutum. Tambayi tonka, a sa ko a kawo gefe. Wanda ya ce maka shina da hawan jini ko ciwon suga ka ɗauki maganar da nauyi, ka tahi kicin ka tambaya game da gishiri da magi, kar ka ce "babu komai ciki" da ka. Baƙo na waje kuma ka gaya mashi yajin tsire akwai ƙuli-ƙuli ciki, don akwai waɗanda gujiya ke tada ma ciwo mai haɗari, har numfashi ya sarƙe. In an ce "mi ya fi daɗi yau?" ka ba da amsa guda ko biyu, "duka da daɗi" ba amsa ba ce, kuma kar ka tura mutum ga mafi tsada kullum, mutane na ganewa.

Akwai abin da na gani da idona da har yanzu nike ba sabbin yara labarinshi. Wani dattijo ya shigo mana da azahar, rawani duk ƙura, daga jin Hausarshi na san mutumen Adar ne, ashe mara lafiya ya kawo likita kwana uku bai ci abin kirki ba. Wani yaro ya miƙa mashi meni da faransanci ya wuce. Tsohon ya riƙe takardar ya daɗe, shina duba ta shina duban ƙofa, na ga alamar tashi zai yi. Sai wata yarinya cikin masu sabis ta zo ta rusuna gefenshi, ta rage murya yadda teburin kusa ba zai ji ba, ta ce "Baba sannu da hanya, yau akwai tuwo da miyar kuka, akwai shinkafa da wake, akwai dambu, tuwon dala ɗari da hamsin ne da nama biyu, kuma da zafinshi." Ta zare takardar daga hannunshi a hankali kamar dama tata ce ta zo ɗauka. Ya ce a kawo tuwon. Bayan ya ci ya sa anka ƙulla mashi wani cikin leda, kuma har anka sallami mara lafiyarshi kullum wurinmu yake zuwa, ita yake nema. Duka maganarta ba ta kai minti guda ba.

Kafin ka bar teburin maimaita komand ɗin da baki, "kaza rabi da aloko, shinkafa biyu, ɗaya babu tonka", in teburin ya wuce mutum uku rubuta, kar ka dogara da kai.

Mataki na 4: abinci ya sauka

Ajiye, fara da babba, da hannun dama, ka ce bismillah, a ci lahiya, ka ja da baya. Mu nan an tashe mu kan cewa ba a surutu kan abinci, kuma babba ba ya son ana ƙirga mashi loma, akwai dattawan da in ka tsaya kansu sai su tsame hannu su ce sun ƙoshi alhali kunya ce. Ka samu wurin tsayuwa inda kake hango teburorinka duka amma ba ka jin abin da suke faɗi. Ido na aiki, baki na hutawa. Ruwa ya ƙare ka kawo wani ba sai an kira ba, cokali ya faɗi ka canza, ƙuda sun dame su ka juyo da fanka, kilim ya yi ma tsohuwa yawa ka rage.

Komawa tambaya sau guda ta isa, bayan sun yi loma biyu uku, "komai ya yi? a ƙaro wani abu?" kuma ka duba kar ka tambayi mutum baki cike ko tsakiyar magana. Bayan nan sai in an ɗaga maka hannu.

Na san daga ina wasu patron ke kwaso ra'ayin a riƙa komawa kowane minti 5 ana murmushi ana faɗin suna. Salon Amurka ne, kuma su akwai dalilinsu, can mai sabis da tukuici yake rayuwa, kiliya na ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin 100 bisa kuɗɗin abinci, kuma mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta yanka ma masu karɓar tukuici dalar Amurka 2 da santi 13 ne a awa, tun 1991 bai motsa ba, to dole ya yi ta kai da kawo don a tuna da shi. A Faransa kuɗɗin hidima na cikin farashi, shi ya sa garson ɗinsu ke barin mutum ya zamna abinshi, faktir ma sai ka nema. Mu ba ɗaya daga cikinsu ba ne, gaisuwarmu ta fi tasu duka tsawo, amma kan abinci mun fi su son a bar mu. In ka ɗauko na Amurka ka dasa a Bukoki sai a ce yaron nan roƙo yake ko gulma yake nema.

Mataki na 5: in kiliya ya buɗe hira

To sai ka amsa da fara'a, amma da awo. Awon da nike ba yara, ya faɗi uku ka faɗi ɗaya, kana tsaye ba ka zamna ba, idonka na kan sauran teburori, kuma da anka kira ka wani wuri ka ce "a gafarce ni Alhaji, ina zuwa" ka tahi, babu mai hankalin da zai ji haushi. Abin da bai kamata ba shi ne teburin can na jiran ruwa kai kana nan kana dariya da wanda ka sani, masu jira suna gani, kuma abin da za su fita da shi shi ne gidan nan sai wanda anka sani ake kulawa.

Zafi, damina, hazo, ƙwallo, kokowa lokacin gasar takobi, ina ake samun kilishi mai kyau, wace hanya ce ba cunkoso zuwa tasha, duk waɗannan babu laihi. Siyasa kuwa a'a. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kusan kowane tebur akwai mai sharhi, wani zai juyo ya ce "kai yaro mi ka gani?" Ka yi murmushi ka ce Allah dai ya ba mu zaman lahiya, ka ɗauki farantinka, don ba ka san wa ke zamne a teburin baya ba, kuma gidan ba naka ba ne. Haka gardamar addini. Haka matsalarka ta gida, kuɗɗin haya, albashin da ya makara, kar ka zuba ma mai cin abinci su, ko da gaskiya ne jin shi yake kamar roƙo.

Taubasantaka fa? Ita gadonmu ce, har UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2014, kuma cikin resto tana da daɗi ƙwarai, Bafillace ya gane kai Babarbare ne ya ce "kai bawana kawo mani ruwa", ko Buzu da Bazabarme su kama juna, duk wurin ya ɗauki dariya. In shi ya fara, rama mashi guda mai daɗi, ka kawo ruwan. Amma kai kar ka fara, don kana iya kuskuren ƙabilar mutum, ko ka samu ranar da ba ya cikin yanayin wasa, ko ya zo da surukinshi. Kuma kar wasan ya taɓa abin da ya saya ko yawan cinshi.

Wanda ya fi wuya shi ne kiliyan kullum, don sabo ke sa baki ya zarce. Ka san sunanshi, ka san teburin da yake so, ka san ba ya son albasa, duk wannan alheri ne, nuna mashi ka sani ta hanyar aiki. Amma abin da ka sani game da shi amana ce. Mun taɓa rasa wani bawan Allah da ya shekara biyu shina cin abinci wurinmu, kullum kaza ko kifi, rannan wajen 25 ga wata ya zo da baƙo ya ce a kawo shinkafa da wake biyu, sai yaron da ya saba da shi ya ce da ƙarfi cikin dariya "a'a Alhaji, yau babu kaza? ko wata ya yi nisa?" Yaron wasa yake har ga Allah. Mutumen ya yi murmushi, ya ci, ya biya, bai sake taka ƙofarmu ba. Don haka kar ka ambaci abin da mutum ya ci jiya, ko da wa ya zo, ko bashin da ke kanshi, ko yaushe rabonshi da zuwa, matuƙar akwai wani a gefenshi. Kuma abin da kunnenka ya tsinta a tebur ya mutu nan, kar ya kai kicin balle fada.

Ga ƴan'uwana mata masu wanga aiki, na san naku ya fi namu nauyi, don akwai mazan da ke ɗaukar murmushin aiki kamar gayyata, a nemi lamba, a riƙe hannu wajen miƙa canji. Ƙanwata, gaisuwa da ladabi su ne aikinki, lambarki ba ta cikin meni. Ki ce "a yi haƙuri, an hana mu" ki wuce, in ya sake ki gaya ma babba a canza maki tebur. Ku kuma patron, in kun ce yarinya ta saki fuska to wajibinku ne ku tsaya mata ranar da wani ya wuce gona da iri, ko da shi ne mai kashe jikka ashirin kowane dare. Raina na ɓaci in na ga an ce ma yarinya "yi haƙuri kiliya ne" alhali kowa ya ga abin da ya faru.

Mataki na 6: in an yi kuskure

Gajeren zance. Abinci ya makara, ko an kawo wanda ba shi anka ce ba, ko gishiri ya yi yawa, ka saurara har ya gama, ka ce a yi haƙuri, ka faɗi abin da za ka yi da minti nawa zai ɗauka, ka yi shi. Kar ka tsaya bayanin wai mai girki ne, wai an ɗauke wuta, wai ba teburinka ba ne. In ya fi ƙarfinka kira babba. Da azumi kuwa, minti 10 kafin a sha ruwa, kowa a gajiye yake har da kai, kar ka ja kowa da zance, dabino da ruwa da kunu su riga kiran salla isa tebur.

Mataki na 7: kuɗɗi da sallama

Kar ka kai faktir ba a nema ba sai in za a rufe, kai ta da wuri kamar kora ce. Wanda ya nema shi za ka ba, a ninke, a hannunshi, kar ka shelanta jimla gaban baƙinshi, kuma in biyu na rigimar "ni zan biya, a'a ni zan biya" ka tsaya gefe har su gama, kar ka zaɓa masu.

Lura da lissafin dala. Mu da Hausa dala ɗaya sefa 5 ce, dala ɗari 500, jikka 1000, to in ka ce ma mutum "ɗari uku" kana nufin 1500, baƙon da ya zo daga Kano ko yaron da ya saba lissafi da faransanci 300 zai ji, daga nan sai gardama ta tashi kan abin da ba laihin kowa ba. In ka ga alamar baƙo ne nuna mashi lambar a rubuce. In ya miƙo jikka goma kuma ka san babu canji a kes, faɗa mashi nan take ka nemi izinin zuwa nema, ko ka tambaya in zai tura ta waya, kar ka ɓace da kuɗɗin mutum minti 20 shina zamne shina saƙe-saƙe. Canji ka kawo shi cif har dala biyar ɗin ƙarshe. In ya ce riƙe na goro ka ce na gode Allah ya ƙara buɗi, in bai ce ba fuskarka kar ta canza, kuma kar ka yi ta jan ƙafa da canjin don ya gaji ya bar maka.

In ya miƙe sai bakinka ya sake buɗewa kamar yadda ya buɗe a ƙofa, mun gode Alhaji, a sauka lahiya, a gaida gida, sai mun sake ganinku. Duba kujera da ƙarƙashin tebur ko ya manta waya ko makullin moto. Faranti kuwa ka bari sai ya ba da baya ya kai ƙofa sannan ka fara kwashewa.